Amsoshin Tambayoyinku: An Kori Ƙarata Don Ban Bi Ta Ba, Shin Magana Ta Ƙare Ke Nan?

TAMBAYA

Ni magidanci ne, ina zaune a Unguwar Dosa a nan Kaduna. Shekara takwas na yi ina riƙe da makullin sito a wani kamfani mai zaman kansa. A farkon 2023 aka ce kaya sun yi ƙafa. Ba a ba ni takardar tuhuma ba, ba wanda ya zaunar da ni ya ji ta bakina, sai mai gadi ne ya miƙo mini takardar kora a bakin ƙofa. Albashin watan ma ban gan shi ba, balle kuɗin sallama. Na sayar da babur ɗina na ɗauki lauya, ya shigar mini da ƙara a kotun ma'aikata. Sau uku ina zuwa, sau uku ana ɗagewa, ba a ko tambaye ni sunana ba. Ana cikin haka mahaifiyata ta kwanta ciwo a Soba, na tafi jinya wata biyar har Allah ya karɓi abarsa. A wannan zirga-zirgar aka zare mini waya a tashar Kawo, lambar lauya ta tafi da ita. Makon jiya na haɗu da wani tsohon abokin aikina, ya ce ai tuni an kori ƙarar. Na nemi lauyan, ya ce laifina ne, ni na watsar. Malam, ta yaya za a kori ƙarar da ba a saurara ba? Ko dai an bi ta bayan fage ne? Akwai sauran wata hanya, ko in haƙura in bar wa Allah?

Daga wani mai karatu, Unguwar Dosa, Kaduna

AMSA

Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa jinyar da ka yi mata ta zame maka haske. Wanda ya bar shari'a ya tafi jinyar uwa bai yi abin kunya ba, kuma ina so ka riƙe wannan, domin nan gaba kaɗan za ka ga cewa jinyar ce ma babbar hujjarka.

Kada ka haƙura tukuna. A yadda ka ba da labari, na fi kyautata zaton ƙofa ba ta rufe ba. Sai dai ba ni da ikon tabbatar maka, lauyanka ma da baki kawai ba zai gamsar da kai ba, abokin aikinka kuwa jita-jitar ofis ya kawo maka. Amsar tana rubuce da hannun alƙali a cikin fayil ɗinka, layi biyu ko uku ne, kuma sai ka je ka karɓo su.

Bari in fara cire maka zargin nan na bayan fage, don yana cinye ƙarfin mutane a banza. Ba sai an ba kowa ko sisi ba kafin ƙara ta faɗi ta wannan hanya. Na sha zama a kotu na ga yadda abin yake faruwa. Da misalin ƙarfe tara magatakarda zai miƙe da jerin shari'un ranar, ya kira lambar ƙara, ya kira sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara. Shiru. Ya sake kira, wani ma'aikaci ya leƙa baranda ya ɗaga murya. Shiru. Sai lauyan kamfani ya tashi ya gyara rigarsa, ya ce, “Ya Mai Shari'a, wannan zama na uku ke nan ba mai ƙara ba lauyansa, ba kuma wasiƙar uzuri. Da alama sun daina sha'awar shari'ar.” Alƙali ya buɗe fayil, ya duba ko an sanar da ɓangaren mai ƙara ranar zaman, ya sunkuya ya yi rubutu. Duka-duka minti uku. An kira ta gaba. Babur ɗin mutum da fushinsa da gaskiyarsa duk suna cikin wannan fayil da aka ture gefe, amma ba wanda ya tsaya a kansu.

Dalilin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu, da suka zo bambance mai ƙara da wanda ake ƙara, sun nuna cewa mai ƙara shi ne wanda in ya yi shiru za a ƙyale shi, wanda ake ƙara kuwa ko ya yi shiru ba za a ƙyale shi ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci suke bi a nan Arewa, alƙali yakan ɗibar wa mai da'awa wa'adi ya kawo shaidunsa, ya ƙara masa, ya sake ƙara masa, in ya kasa sai a yanke cewa ya gaza, abin da ake kira ta'ajizi. Kotun ma'aikata ba da fiƙihu take aiki ba, amma hankalin ɗaya ne: kai ka kawo kuka, kai za ka tsaya a kansa, kuma ba a barin mutum, ko kamfani ne, rataye da ƙara har abada. Haka yake a ƙasashen da ake ganin sun fi mu kula da haƙƙin ma'aikaci. A Ostireliya kwana 21 kacal aka ba wanda aka kora ya kai kuka, kuma dokarsu ta ba hukumar da ke sauraro ikon watsar da kukan idan mai shi ya ƙi halartar zama ba da wani dalili ba.

Yanzu ga inda maganar take. Mu da Hausa “an kori ƙara” muke cewa, mu haɗa abu biyu a buhu ɗaya, alhali a kotu tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Na farko shi ne a cire ƙara daga jerin shari'u. Wannan kamar a sauke fasinja ne a hanya don bai dawo daga sallah da wuri ba: tafiyarsa ba ta haramta ba, yana iya roƙo a mayar da shi motar, yana iya shiga wata. Ba a ce ba ka da gaskiya ba, ba a ce kamfani ya yi daidai ba, ba a taɓa gundarin rigimar ba sam. Na biyu shi ne kora ta yanke hukunci, wadda a bisa ƙa'ida take rufe maganar a wannan kotu, ba ka da damar sake kawo ta, sai dai ka ɗaukaka ƙara. Mafi yawan ƙararrakin da suka mutu saboda rashin bibiya kafin a fara jin shaidu, cirewa ake yi. Tunda ka ce ba a taɓa sa ka a akwatin shaida ba, shi ya sa nake kyautata zato. Ko da ma alƙali ya rubuta kalmar kora, manyan kotunan ƙasar nan sun sha duban irin wannan su ce korar da aka yi ba tare da an shiga cikin shari'a ba, a wasu halaye, hukuncinta hukuncin cirewa ne. Amma wannan gardama ce ta lauyoyi, kuma tana cin lokaci da kuɗi.

Saboda haka zuwa da kai ya fi aike. Ka tafi ofishin rajista na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, reshen Kaduna, da lambar ƙararka. Tana saman kowace takarda da lauya ya taɓa ba ka. In ba ka da ko ɗaya, sunanka da sunan kamfanin da shekarar da aka shigar sun isa a lalubo ta. Ka rubuta takardar neman kwafi mai hatimin kotu na umarnin da alƙali ya bayar, da na bayanan duk zaman da aka yi. Akwai ɗan kuɗin da ake biya, ka karɓi rasit. Kai ne mai ƙara, haƙƙinka ne, ba alfarma za a yi maka ba. Daga waɗannan takardu abu uku za su fito fili: cirewa aka yi ko kora, wace rana aka yi, da kuma wa ya zo wa bai zo ba a kowane zama.

Wannan na ukun ka dube shi da kyau. Idan ya kasance an sa ranar zaman ba a gaban lauyanka ba, kuma ba a aika masa da takardar sanarwa ba, to umarnin da aka bayar a ranar ba shi da ƙafar tsayawa, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a ba kowa damar a ji shi, kuma kotun da ta yi umarnin tana iya janye shi da kanta. Amma idan lauyanka yana tsaye aka faɗi ranar, ko an kai takarda ofishinsa an sa hannu, to a idon doka kai aka sanar, ko kana Soba ko kana Makka.

In cirewa ce, lauya zai shigar da takardar roƙon a mayar da ƙarar cikin jeri, haɗe da takardar rantsuwa wadda kai za ka rantse a kanta. A nan ne mutane suke yin sakaci, su rubuta “abubuwa ne suka sha kaina” su tsaya. Alƙali ba ya aiki da wannan. Tun 1982, a shari'ar Williams da ƙungiyar Hope Rising, Kotun Ƙoli ta jera abubuwan da ake dubawa idan wanda bai halarci zama ba ya dawo yana roƙo, kuma har yau da su ake awo: me ya hana shi zuwa, ya yi jinkirin dawowa bayan ya sami labari ko bai yi ba, ɗaya ɓangaren zai cutu idan aka buɗe maganar, ƙarar tasa tana da ƙamshin gaskiya ko holoƙo ce, sannan yaya halinsa ya kasance tun farkon shari'ar. Auna kanka da su. Zuwanka uku a jere shaida ce cewa ba da wasa ka shigo ba. Katin asibitin mahaifiyarka, takardun magani, takardar shaidar rasuwa, ko wasiƙa daga mai unguwa in a gida ta cika, duk ka tattaro. In ka yi rahoton satar waya ko ka je an dawo maka da layinka, wannan takardar ma ta shiga. Ka faɗi watanni da ranaku, kada ka ƙara gishiri, domin lauyan kamfani zai bi kowace kalma.

Wanda ya fi damuna cikin ma'aunan nan shi ne na biyu. Wata biyar na jinya kowane alƙali mai imani zai fahimta. Abin da ba zai fahimta ba shi ne ka ji labari makon jiya, sannan ka zauna wata huɗu kana shawara da abokai a majalisa. Daga ranar da labari ya iso kunnenka, kowane mako da ya wuce sai ka yi bayaninsa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ka kuma shirya, mai yiwuwa kotu ta amince amma ta ce ka biya kamfanin wani abu na ɗawainiyar zuwan da suka yi ba ka nan.

Game da lauyanka, ba zan yanke masa hukunci ban ji ta bakinsa ba, kada in yi masa abin da aka yi maka. Amma “kai ka watsar” ba ta wanke shi. Lauyan da ya karɓi shari'a, ko bai ga mai ita ba, wajibinsa ne ya je ya nemi ɗagewa, ko ya sanar da kotu a bisa ƙa'ida cewa ya janye. Ba a ɓacewa haka kawai. Kotuna suna da ƙa'idar cewa ba a ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa, kuma za ta taimake ka. Sai dai tana da iyaka, domin alƙalai sun sha faɗin cewa shi ma mai ƙara sai ya nuna yana leƙa shari'arsa, ba ya miƙa fayil ya juya baya ba. In bayanan zaman sun nuna lauyan ya daina zuwa tun kafin ka tafi Soba, kana da ikon karɓar fayil ɗinka ka ba wani, kana kuma iya kai kuka reshen ƙungiyar lauyoyi na Kaduna. Shawarata dai, ka fara ceto ƙarar, rigima da lauya ta biyo baya in ka ga da buƙata.

Hanya ta biyu, idan cirewa ce, ita ce ka shigar da sabuwar ƙara daga tushe. Nan kuma sai a kula da wa'adi. A Jihar Kaduna, dokar iyakance lokaci ta ba da shekara biyar ga ƙarar da ta taso daga yarjejeniya, kuma aikin kamfani yarjejeniya ce. Kai da aka kora a farkon 2023, lissafinka ya kai farkon 2028. A 2018, a shari'ar kamfanin Sifax da Migfo, Kotun Ƙoli ta ce lokacin da ƙara ta yi tana gaban kotu kafin a cire ta ba a lissafa shi a cikin wa'adin. Wannan sauƙi ne, amma kada ka jingina da shi. Ga masu karatu da ke aikin gwamnati kuwa, ku lissafinku daban ne: akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, kuma hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli sun yi ta kai da kawo a kan ko tana hawa kan rigimar aiki. Wanda gwamnati ta sallama, ya ɗauka wata uku gare shi.

In kuwa ta tabbata kora ce ta yanke hukunci, kuma kotun ta ƙi janyewa, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda take da reshe a nan Kaduna. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 a shari'ar bankin Skye da Iwu aka daddale cewa ana ɗaukaka hukuncin kotun ma'aikata: kai tsaye idan maganar tauye haƙƙin ɗan Adam ce, irin haƙƙin sauraro, da neman izini a sauran batutuwa, kuma daga can ba gaba. Hanya ce mai tsawo da tsada, ba zan ɓoye maka ba.

To, ƙarar ta cancanci wannan wahala? Ina ganin ta cancanta, ga dalilina. A da, dokar da muka gada daga Turawan Ingila cewa take mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, muddin ya ba da notis ko kuɗin notis. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara shi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Da a wancan zamanin ne, shekara takwas ɗinka albashin wata ɗaya za ta haifa, wanda bai kai kuɗin babur ɗinka ba. Gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya canza lissafi. Ya ɗaga kotun ma'aikata, wadda aka kafa tun 1976, zuwa sahun manyan kotuna, ya keɓe mata duk rigimar aiki, sannan sashe na 254C ya ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma yin la'akari da kyakkyawan tsarin da duniya ke bi. Da wannan ne kotun ta fara cewa ba a korar mutum sai da dalili ingantacce, irin abin da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanada a 1982. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara biyu ga wata ma'aikaciya a shari'arta da kamfanin Sahara Energy. Ban ce za ka sami haka ba, kowace shari'a da hujjojinta. Kuma kada ka sa rai a mayar da kai bakin aiki, domin da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa zama da wanda ba ya so. Ma'aikatan da doka ta tsara aikinsu, irin na gwamnati, su ake mayarwa. Amma kamfanin da ya ce kaya sun ɓata a hannunka, shi zai tabbatar da hakan, ya kuma nuna ya ba ka damar kare kanka. Ga albashin watan da ka yi aikinsa. Ga kuma abin da ya fi kuɗi, sunanka, domin mai riƙe da makulli da aka kora da zargin sata ba ya sake samun makulli a garin nan sai an wanke shi.

Ba dole sai an kai ƙarshen shari'a ba. Kotun tana da cibiyar sulhu tun 2015, alƙali yana iya tura ku can, kuma abin da kuka daidaita a kai ya zama hukuncin kotu. Sau da yawa kamfanin da ya ga ƙara ta farfaɗo bayan ya ɗauka ta mutu yakan fi son a zauna. In kuɗin lauya ne ya gagara, ka gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ka kuma leƙa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a sakatariyar tarayya da ke Kawo, ba nisa da unguwarku, jami'an can suna kiran mai kamfani su sasanta. Wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba: in kamfanin yana zuba maka fansho, dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Ka tambayi kamfanin fanshonka. In ka tarar ana yanka a albashinka ba a zubawa, wannan ma ya shiga cikin ƙarar.

Akwai abin da ke ci mini rai a wasiƙarka, wato zuwa uku ba a tambaye ka sunanka ba. Nan ne yawancin talakawa suke karaya. Ba wanda ya gaya musu cewa zaman farko-farko na tantance takardu ne, ko an kai sammaci, ko kamfani ya shigar da martani, kuma ranar da za a buƙaci bakinsu tana gaba. Mutum ya bar neman abincin yini, ya biya kuɗin Keke Napep, ya zauna awa uku, a yi Turanci minti biyu a ce ya dawo bayan wata biyu. Ga hutun kotu na shekara, ga yajin aiki irin na ma'aikatan kotuna da ya rufe ƙofofi wata biyu a 2021. Kamfani yana da lauyan da yake biya ko an zauna ko ba a zauna ba, jinkiri bai dame shi ba. Lokacin da gwamnatin jihar nan ta ce za ta sallami malaman firamare 21,780 bayan jarrabawar da aka yi musu a 2017, ƙungiyar malamai ce ta tsaya musu a wannan kotu, tana da ofis da sakatare da lauyoyi masu bibiya. Kai kuwa kai kaɗai ne ofishin, kai ne sakataren. Ina ganin haƙƙi ne a kan lauyoyi su riƙa zaunar da mutanensu su yi musu wannan bayani da Hausa tun ranar farko.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo a benci, tsohon mai gadi, yana bin haƙƙinsa. Yana da ɗan littafin makaranta mai shafi arba'in a aljihun gaba, bangonsa ya yi laushi don gumi. Kowane zama sai ya rubuta da ajami ranar da aka zo, abin da ya hana a ci gaba, da ranar da aka sa. A bangon ciki ya rubuta lambar ƙara, lambar wayar lauya, da ta ɗansa wadda ya bayar a rajista don ko tasa ta lalace. Kafin ya bar harabar kotu sai ya tsaya wurin magatakarda ya maimaita ranar da baki, a ce masa haka ne. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗan ne ya kawo wa lauya katin asibiti da sassafe, aka ɗage ba tare da wata gardama ba. Irin wannan littafi nake so ka saya.

Ranar Litinin ka fita da wuri. Ka ɗauki takardar ɗaukarka aiki, takardar korar da mai gadi ya miƙa maka, katin shaidar aiki, da duk abin da ke nuna albashinka, ko saƙon banki ne. Ka haɗa da takardun jinyar mahaifiyarka a leda guda. Ka fara da rajistar kotu kafin ofishin kowane lauya. In ka karɓo kwafin umarnin, ka sa a karanta maka shi kalma bayan kalma, ka rubuto mini abin da alƙali ya rubuta da ranar da ya rubuta shi, sai mu ɗora daga nan.